Muhawara: A gidan Simpson, wa ya kamata ya ji kunya, uban ko iyalan?

Malamin Adabi:
Assalamu alaikum, 'yan zaure. Ina so mu tattauna a kan kashi na huɗu na zangon farko na shirin zane mai motsi The Simpsons, wanda tashar Fox ta Amurka ta fara nunawa ranar 28 ga Janairu, 1990, makonni shida bayan fara shirin a ranar 17 ga Disamba, 1989. Al Jean da Mike Reiss ne suka rubuta shi. Ga waɗanda ba su kalla ba, labarin ya fara ne da liyafar da Mista Burns, mai tashar wutar lantarki ta nukiliya inda Homer, uban gidan Simpson, yake aiki, ya shirya wa ma'aikatansa da iyalansu a gidansa. Tun a hanya Homer yake roƙon 'ya'yansa su nuna ladabi, domin ya san maigidan nasa yana iya korar mutum daga aiki saboda kawai ya ga iyalinsa ba sa fara'a. Duk da haka 'ya'yan nasa, Bart da Lisa, suka yi ta ɓarna, matarsa Marge ta sha abin sha mai sa maye har ta riƙa waƙa a bainar jama'a, sannan da aka tashi Homer ya hangi wani iyali suna tafiya cikin natsuwa da ƙaunar juna, ya dubi nasa, sai ransa ya ɓaci.

Daga nan ya hana cin abinci a gaban talabijin, ya kwashe su da dare suka riƙa leƙen tagogin maƙwabta don su ga yadda mutanen kirki suke zama, ƙarshe ya jinginar da talabijin ɗin gidan don ya cika dala 250 na kuɗin ganin wani Dakta Marvin Monroe, wanda ya yi talla cewa zai gyara zaman iyali ko kuma ya mayar da kuɗi ninki biyu. Likitan ya kasa, ya biya dala 500, iyalin suka fita suna murna za su sayi sabon talabijin.

Ra'ayina shi ne wannan kashi bai yi wa iyali ba'a ba. Abin da ya yi wa ba'a shi ne halin auna gidanka da abin da ka hango a gidan wani. Homer bai fara damuwa da faɗan 'ya'yansa ba sai ranar da idon maigidansa ya faɗa a kansu. Ina jiran masu saɓanin fahimta.

Maman Ummi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ce ta farko a masu saɓanin. Na kalli kashin da kake magana a kai, kuma abin da na gani shi ne uba wanda ya ga ɓaraka a gidansa ya tashi tsaye don ya ɗinke ta, matarsa da 'ya'yansa kuwa suka mayar da shi abin dariya. Ya ce a zauna a teburi a ci abinci tare, a yi addu'a kafin a fara, suka riƙa wawurar abinci tun bai gama magana ba. Ya rabu da abin da ya fi so a gidan don ya biya likita, kuma da likitan ya ce kowa ya zana abin da yake hana shi kwanciyar hankali, dukkansu suka zana fuskar uban. Idan wannan ba cin fuskar uba ba ne, ban san sunan da za a ba shi ba. Shirin ya nuna wa mai kallo cewa wanda ya nemi gyara shi ne wawa, waɗanda suka ƙi gyara kuma su ne suka ci riba, tunda har da kuɗi suka koma gida.

Malamin Adabi:
Hajiya, na yarda cewa Homer ne kaɗai ya motsa, amma ki dubi abin da ya motsa shi. A wajen liyafar an yi tseren buhu na uba da ɗa, kowa ya san dole a bar Mista Burns ya ci, kuma da Bart ya kusa wuce shi, Homer da kansa ya kayar da ɗansa a ƙasa don kada ya ci. Da za su fita kuma, ya ga Burns ya yaba wa wani ma'aikaci saboda ɗansa ya sumbace shi, sai ya yi wa Bart tayin dala 5 don shi ma ya sumbace shi a gaban maigida. Uban da ya sayi soyayyar ɗansa da kuɗi don a gani, tarbiyya yake nema ko suna? A ganina marubutan sun ajiye waɗannan abubuwa biyu tun da wuri ne don kada mu ɗauki Homer a matsayin wanda aka zalunta.

Maman Ummi:
Tsoron rasa aiki ba laifi ba ne, Malam. Mutum mai 'ya'ya uku, ɗan shekara 10 da 'yar shekara 8 da jaririya, wanda maigidansa ke sakin karnuka a kan baƙinsa idan sun daɗe ba su tafi ba, dole ya yi abin da zai kare abincin gidansa. Ni na fi ganin laifin Burns a nan fiye da na Homer.

Mazaunin Ohio:
Salamu alaikum. Hajiya da Malam, ku ba ni dama in kawo wani abu game da wurin da labarin ya faru, domin ina ganin sai an fahimci fasalin irin wannan unguwa kafin a fahimci dalilin da ya sa kunyar Homer ta yi masa nauyi haka. Springfield gari ne na ƙirƙira, amma unguwar da gidan Simpson yake irin unguwannin gefen birni ce da suka bazu a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Dokar da aka yi a 1944 don tallafa wa tsoffin sojoji ta sauƙaƙa musu bashin sayen gida, kamfanoni kuma suka shiga gina gidaje iri ɗaya dubbai a gonakin da ke kewaye da birane. Mafi shahara ita ce Levittown a jihar New York, wadda aka fara a 1947, aka gina gidaje sama da 17,000 cikin 'yan shekaru. A farkonta an hana mazauna kewaye gida da shinge, an wajabta musu aske ciyawar ƙofar gida a kai a kai, kuma, abin da bai kamata a manta ba, an ƙi ba baƙar fata gida a cikinta.

Har yau a unguwar da nake zaune haka fasalin yake. Babu katanga tsakanin gida da titi, sai fili mai ciyawa, sannan babbar tagar falo tana kallon hanya. Da magariba idan aka kunna fitila kafin a saki labule, mai wucewa yana ganin teburin cin abinci da waɗanda suke zaune a kai. Idan ciyawarka ta yi tsawo, a wasu unguwannin ƙungiyar masu gidaje za ta aiko maka da takarda. Mu da muka tashi a gidan da yake da katanga da zaure, inda baƙo ba ya wuce soro sai da izini, muna da wurin da za mu ɓoye hayaniyar cikin gida. Su kuwa an gina musu gida ne fuskarsa a buɗe, sai dai kowa ya san ana kallonsa, saboda haka abin da ake gani ta taga ba lallai ne ya zama shi ne gaskiyar gidan ba.

Shi ya sa nake ganin fitar leƙen tagogin ita ce zuciyar kashin. Sun leƙa wani gida sun ga ana cin abinci cikin ladabi. Sun leƙa wani, maigidan da yake zaune cikin natsuwa da ɗansa ya ji motsi, ya fito da bindiga ya buɗe musu wuta. Suka gudu suka laɓe a jikin wani gida, Bart ya leƙa ya kushe shi, Homer ya yi dariyar cewa ya tattake furannin mai gidan, sai Marge ta gaya musu ai gidansu ne. Mutumin da ya daɗe yana kallon gidajen wasu daga waje har ya kasa gane nasa, wannan shi ne Homer.

Injiniya Ƙarami:
Yaya, na gode da wannan bayani. Ƙarin da zan yi shi ne cewa hoton iyalin kirki da Homer yake bi bai samo shi daga maƙwabta kaɗai ba, talabijin ne ya fara cusa shi. Wasannin barkwanci na shekarun 1950, irin su Father Knows Best da Leave It to Beaver, sun nuna uba mai hikima, uwa mai tsafta da murmushi, da 'ya'yan da laifinsu ba ya wuce na rabin sa'a. A shekarun 1980 kuma The Cosby Show ne ya riƙe wannan tuta, har ya zama shirin da aka fi kallo a ƙasar. Fox, wadda aka kafa a 1986, ta shigo kasuwa ne da akasin haka, ta fara da Married... with Children a 1987, tashar ABC kuma ta kawo Roseanne a 1988. Saboda haka masu kallo na 1990 sun san sarai da wa ake yi idan aka nuna iyalin da suke rera waƙa a mota suna komawa gida.

Baffan Yara:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma a matsayina na wanda ya girme ku zan ce kowannenku ya riƙe gefe guda na gaskiya. Amma ina so in goyi bayan Hajiya a kan abu ɗaya da samarin zauren nan suke son tsallakewa. Ba mu kaɗai muka ga rashin kunya a shirin nan ba, Amurkawan da kansu sun gani. A shekarar 1990 wasu makarantu sun hana yara sa rigunan da ke ɗauke da hoton Bart, saboda rubutun da ke jiki yana alfahari da rashin ƙoƙari a karatu. A shekarar ce kuma Barbara Bush, matar shugaban ƙasa na lokacin, ta gaya wa mujallar People cewa ba ta taɓa ganin shirme irinsa ba. A watan Janairun 1992 mijinta, George Bush babba, ya tsaya a gaban taron masu watsa shirye-shiryen addini ya ce burinsa iyalan Amurka su yi kama da na shirin The Waltons, su nisanci kama da na Simpson. Idan shugaban ƙasar da aka yi abin a cikinta ya ga matsala, bai dace a ce uwa Bahaushiya da ta ga matsalar ba ta fahimci wasan ba.

Malamin Adabi:
Allah ya ƙara girma, Baffa. Ban ce Hajiya ba ta fahimta ba, kuma ba zan faɗa ba. Sai dai labarin da ka kawo yana da ƙarashe. Bayan maganar Barbara Bush, marubutan shirin sun aika mata da wasiƙa da sunan Marge, cikin ladabi, suna nuna cewa ita ma uwa ce mai ƙoƙarin riƙe gidanta da abin da Allah ya hore mata, kuma matar shugaban ta mayar da amsa tana ba da haƙuri. Maganar mijin kuwa, 'yan kwanaki bayanta shirin ya mayar da martani ta bakin Bart, cewa ai su ma kamar iyalin Walton suke, tunda su ma suna addu'ar ƙarshen matsin tattalin arziki. The Waltons labarin wani iyali ne na karkarar Virginia a zamanin babban karayar tattalin arziki na shekarun 1930, kuma a 1992 Amurka tana fama da rashin aikin yi, abin da ya taimaka wajen kayar da Bush a zaɓen shekarar.

Wannan martani ya taɓa abin da nake son mu lura da shi a kashin namu. Kuɗi yana ko'ina a cikinsa. Tsoron kora ne ya kai su liyafa. Asusun da aka tara don karatun jami'ar yaran, da aka buɗe shi, bai kai ko rabin kuɗin likita ba. Mai shagon jingina ya taya talabijin ɗin da arha. Ana gaya wa ma'aikaci mai ƙaramin albashi cewa ya zama kamar iyalin cikin talabijin, alhali ko kuɗin neman shawarar yadda zai zama haka ba shi da su.

Anti Nas:
Salamu alaikum. Ni ɓangaren likitan ne ya fi jan hankalina, wataƙila saboda aikina na jinya. Dakta Monroe ba a nuna shi a matsayin ƙwararre ba, an nuna shi a matsayin ɗan kasuwa. Homer ya ga tallarsa ne yana kwance a ƙasan mashaya bayan ya yi dambe da abokinsa Barney, a tsakiyar wasan damben da ake nunawa a talabijin, wato an san irin mutanen da ake farauta da tallar. Duk wanda ya yi maka alƙawarin gyara zaman gidanka a zama ɗaya, har da lamunin mayar da kuɗi ninki biyu, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Matakan da ya bi ma suna ƙara muni ne ɗaya bayan ɗaya. Ya fara da zane, ya koma ba su sanduna masu soso don su huce haushi a kan juna ba tare da rauni ba, sai Bart ya zare soson ya maka wa likitan ƙarfen a ƙafa. Daga nan ya ɗaure su a kujeru, ya jona wa kowa waya, ya ba kowa maɓallan da zai sa wuta ta ja sauran, da sharaɗin kada a danna sai wani ya ɓata maka rai. Wannan ba ƙirƙirar marubuta ba ce gaba ɗaya, domin a tsakiyar ƙarni na 20 an yi amfani da jan wuta don sa mutum ya ƙyamaci wata ɗabi'a, kamar shan giya ko taba. Abin da ya faru shi ne kafin likitan ya gama bayani sun fara danna wa juna, Bart ya ja Homer, Lisa ta ja Bart, Marge ta ja su biyun don ta raba faɗa, jaririya Maggie kuma tana ta latsa maɓallan duka tana wasa, har wutar gari ta riƙa lumshewa, Mista Burns yana can yana murnar cinikin lantarki ya ƙaru.

Hajiya, a nan nake ɗan saɓa miki. Ba su ci riba don sun ƙi gyara ba, sun ci riba ne don wanda ya yi alƙawarin gyaran maƙaryaci ne, kuma Homer ya tsaya a kan haƙƙinsa sai da aka cika masa alƙawari. Wannan ne karo na farko a duk kashin da matarsa da 'ya'yansa suka dube shi da girmamawa.

Maman Ummi:
Anti, to ai kin ƙara ƙarfafa maganata. Sun girmama shi ne ranar da ya damƙo dala 500, ba ranar da ya ce a yi addu'a kafin cin abinci ba. Wane darasi yaro zai ɗauka daga nan?

Mazaunin Ohio:
Hajiya, a kan yaro ina tare da ke, amma da wani dalili daban. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar duk zane mai motsi a matsayin na yara. Wannan shiri ya samo asali ne daga gajerun zane-zane da Matt Groening ya fara yi a 1987 a cikin shirin barkwanci na manya na Tracey Ullman, kuma da ya tsaya da ƙafarsa da dare ake nuna shi, lokacin kallon manya. Sunayen Homer da Marge da Lisa da Maggie ma daga iyayensa da ƙannensa mata ya ɗauko su. Wanda ya sa sunan mahaifinsa da mahaifiyarsa a shiri, da wuya a ce ƙiyayyar iyali ce ta sa shi. Ni ba na barin ƙananan 'ya'yana su kalla, domin yaro zai kwaikwayi bakin Bart ne bai gane habaicin da ke ƙarƙashi ba. Hakan bai hana ni ganin cewa habaicin yana nan ba.

Injiniya Ƙarami:
An taɓa gwada tace shi don masu kallo Musulmi. A watan azumin 2005 tashar MBC ta nuna shi da Larabci da sunan Al-Shamshun, Homer ya koma Umar, ɗan wasan Masar Muhammad Hunaidi ya yi muryarsa, giya ta koma lemon kwalba, aka cire zaman mashaya. Bai karɓu ba, aka dakatar da shi ba da daɗewa ba. Idan aka ɗauki kashin da muke magana a kai aka cire mayen Marge da damben mashaya, an cire dalilin kunyar Homer da kuma hanyar da ya ga tallar, sai labarin ya rasa ƙafar tsayawa.

Baffan Yara:
Wannan ya nuna abin nasu ne, an ɗinka shi daidai jikinsu. Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai, Malam, kai da ka fi mu bibiyar shirin. Jikokina suna cewa Homer ɗin da suka sani malalaci ne wanda ba ya rabuwa da kujerar gaban talabijin, Lisa kuma ita ce mai hankalin gidan. Yaya aka yi a nan Homer ne mai jin kunya, Marge ce mai maye, Lisa kuma tana cikin masu ɓarna?

Malamin Adabi:
Gaskiya suka faɗa, Baffa, kuma masu bibiyar shirin sun daɗe da lura da wannan. Kashin yana cikin na farko-farko da aka rubuta, lokacin halayen 'yan wasan ba su gama zama ba. A zangunan da suka biyo baya Marge ce take ɗaukar nauyin kunyar gidan, Lisa ta zama mai karatu da tunani, Homer kuma ya zama mutumin da ba zai taɓa kai talabijin jingina da hannunsa ba. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin rauni, ni kuwa ina ganin shi ne ya ba kashin ƙarfinsa. Da Marge ce ta ji kunyar, da mai kallo ya tausaya mata ya ce tana da gaskiya, tunda ita mai kamun kai ce. Da aka ɗora kunyar a kan Homer, mutumin da yake shaƙe wuyan ɗansa idan ya fusata, wanda ya kasa sauraron likitan da ya biya da kuɗin jingina, sai ya fito fili cewa mai neman a gyara kowa shi ne bai dubi kansa ba. Su uku suka zana fuskarsa, shi kuwa hankalinsa ma ba ya wajen.

Maman Ummi:
Na ji wannan, kuma na karɓi rabinsa. Na yarda Homer ya so gyara don idon mutane, kuma na yarda likitan ɗan damfara ne. Abin da ban karɓa ba shi ne a kira ƙarshen nan haɗin kai. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ba faɗan nasu ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne da kuɗin suka shigo hannu, Marge ta kawo shawarar a je a karɓo tsohon talabijin daga jingina, Homer ya ce sai sabo, kuma babu wanda ya tuna da asusun karatun yaran da aka kwashe. A farkon labari suna cin abinci kowa idonsa a kan allo, ba mai magana da wani, a ƙarshe kuma sun tafi sayen allon da ya fi wancan girma. Malam ya ce marubutan sun yi hakan da gangan don su yi wa al'ummarsu habaici, to ina iya yarda da niyyarsu, amma a cikin labarin dai Bart da Lisa sun koma gida babu kuɗin makaranta, uwarsu kuma ba ta ce uffan a kai ba.

Anti Nas:
Wannan batu na asusun bai zo mini a rai ba sai da kika faɗa, Hajiya. Dala 250 ce ribar da suka samu a kan abin da suka biya, kuma ko da sun fanshi tsohon talabijin sun mayar da kuɗin asusun, da sauran canji zai rage a hannunsu.